Kafin a Koma Kan Kujera: Motsa Jiki ga Wanda Ya Manyanta

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ba mu aron jiki da lafiya. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, duk wanda ya daɗe yana sallah a masallacinmu ya lura da wani abu. A da, da wuya ka ga kujera a cikin masallaci, in ma akwai to ɗaya ce a can gefe. Yau kuwa kujeru sun kusa yin sahu guda. Kuma waɗanda ke kansu mun san su: su ne jiya-jiyan nan suke kwana ban ruwa a hawasha, su tsinci auduga tun hantsi har rana ta yi gora, su saɓa buhun dawa su ɗora a kan karo ba tare da an kama musu ba.

Kwanan baya, bayan sallar La'asar, wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce, “Malam, rabona da in sa goshina a ƙasa an fi shekara. Ba wani ciwo likita ya ce ina da shi ba, ƙafafun ne dai suka daina ɗauka ta. Shi ke nan haka zan koma ga Allah?” Na ce masa, “Baba, tukuna dai.” Amsar da ban samu damar ba shi a tsaye ba ita ce na zauna na rubuta, don na san ba shi kaɗai ke da wannan tambayar ba.

Abin da addini ya ce

Mu fara da cire nauyi daga zukatan masu uzuri. Wanda ba ya iya tsayuwa, sallarsa a zaune ta inganta, babu laifi a kansa ko kaɗan. Imamu Buhari ya ruwaito cewa Imrana ɗan Husaini, Allah Ya yarda da shi, yana fama da basir, sai Annabi (SAW) ya umarce shi ya yi sallah a tsaye, in ya kasa ya zauna, in ya kasa ya kishingiɗa. Ɗalibanmu kuma sun karanta a Ahalari yadda aka jera matakan: tsayuwa ba jingina, tsayuwa da jingina, zama ba jingina, zama da jingina, sannan kwanciya. Abin lura shi ne jerin huɗun farko wajibi ne a sallar farilla. Ba a sauka zuwa mataki na ƙasa sai na sama ya gagara. Haka nan wanda yake iya tsayuwa amma sujada ce ta fi ƙarfinsa, tsayuwar ba ta faɗi a kansa ba. Ke nan ƙarfin ƙafa yana da alaƙa da hukuncin sallar mutum kai tsaye.

A Suratur Rum, aya ta 54, Allah Ya ba mu labarin tafiyar ɗan Adam: yana farawa da rauni, ya samu ƙarfi, sannan rauni da furfura su biyo baya. Wannan babu makawa, babu mai kuɓuce masa. Amma yaushe raunin zai iso, kuma da wane sauri, a nan Allah Ya sanya sababi a hannun bawa, kamar dai yadda arziki yake rubutacce amma ba wanda ya fasa zuwa gona. Annabi (SAW) da kansa ya kasance yana neman tsarin Allah daga gajiyawa da kasala da tsufan da ke kassara mutum, kamar yadda ya zo a hadisin Anas. Wanda ya roƙi tsari daga abu kuwa, ai ya kamata ya riƙi hanyar kauce masa.

A Sahihu Muslim, hadisin Abu Huraira ya fifita mumini mai ƙarfi a kan mai rauni, tare da tabbatar da alheri ga kowannensu. Malamai sun ce asalin abin nufi shi ne ƙarfin imani da azama, amma lafiyar jikin da ke taimaka wa mutum ga ibada ta shiga ciki. Abu Dawuda ya kawo cewa Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha har sau biyu, alhali a lokacin ya haura shekara 50. Ibnu Umar ya ba da labarin cewa yakan je masallacin Ƙuba duk ranar Asabar, wani lokaci a ƙafa, wani lokaci a kan abin hawa, tazarar kuwa ta fi kilomita 3. Abu Ayyubal Ansari ya fita yaƙin Kusɗanɗiniyya a zamanin Mu'awiya yana tsoho tukuf, a can ya rasu, kabarinsa yana birnin Istanbul har yau. To, wanda ke ganin motsa jiki wasan yara ne da bai dace da mai furfura ba, sai ya sake dubawa.

Me ya sa ƙafafu suke mutuwa?

Tun daga wajen shekara 30, tsokar jikin mutum take fara raguwa a hankali, kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara 10, kuma bayan shekara 60 raguwar takan ƙara sauri. Likitoci sun ba abin suna, sakofeniya, kalmar da wani likitan Amurka mai suna Irwin Rosenberg ya ƙirƙiro a 1989. Tsufa yana da nasa kason a ciki, amma babban kaso na rashin aiki ne. Tsoka kamar tur'a take: wadda ruwa ke bi kullum tana nan a buɗe, wadda aka daina sakar wa ruwa sai laka da ciyawa su cike ta.

Kakanninmu ba su san wannan matsala yadda muka san ta ba. Mutanen da suka taso daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har suka sauka a bakin wannan kogi, da ƙafa da jaki suka zo. Haka dubban alhazan ƙafa da suka biyo bayansu. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe noman Jazira, da ƙarfin damtsen iyayenmu aka tsinci audugar. Iyayenmu mata kuwa ga daka, ga niƙa, ga ɗebo ruwa daga kogi. Ba su taɓa kiran wannan motsa jiki ba, amma shi ne. Yau inji ke niƙa, raksha ke kai mutum kasuwa, dattijo kuma da zarar ya miƙa wa 'ya'ya gona sai ya koma ƙarƙashin rumfa, daga angarib sai tabarma, ga shayi mai sukari sau uku a yini.

Sai kuma jarrabawar da ta same mu. Tun da yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilun 2023, ya iso Wad Madani a Disambar shekarar, ya kai Sinja a tsakiyar 2024, dattawa da yawa sun yi watanni a zaune a gidajen 'yan'uwa ko a makarantu a Gadarif da Kasala da sauran wurare, ba gona, ba wadataccen abinci, ga zazzaɓi. Wasu sun tafi da ƙafafunsu sun dawo da sanda. Wannan ba abin mamaki ba ne. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2007, an kwantar da dattawa masu lafiya a gado kwana 10 kacal, sai aka tarar sun rasa kusan kilo guda na tsokar ƙafafu. Kwana 10 ke nan, ina ga wata 10?

Ga kuma wani lissafi da kowa zai iya yi. A salloli biyar akwai raka'a 17 da sujada 34, kuma mai sallah yana miƙewa daga ƙasa zuwa tsaye sau 12 a cikin farillan kaɗai, ban da nafiloli. Ranar da mutum ya koma kujera, duk wannan ya tsaya. Ƙafar da ta yi rauni har ta sa shi zama, sai zaman ya ƙara raunana ta. Daga nan tsuguno a bayi ya zama aiki, wanke ƙafa a alwala ya zama aiki, hawa dakali ya zama aiki. Ƙarshenta sai faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura 60 su suka fi yawa a ciki. Mun sha ganin tsohuwa ta zame a bakin randa ta karye a ƙugu, daga wannan kwanciyar ba ta sake tashi ba.

Ashe lokaci bai ƙure ba?

Wani zai ce, “Malam, ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.” Gaskiya ne a sha'anin tarbiyya, amma tsoka ba icce ba ce, abu ce mai rai da ke amsa kira muddin mutum yana numfashi.

A 1990 wata likita mai suna Maria Fiatarone da abokan aikinta suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi a gidan kula da tsofaffi a birnin Boston na Amurka. Sun ɗauki mutum 10 masu shekara 86 zuwa 96, raunana, masu cututtuka iri-iri, suka sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau 3 a mako har mako 8. Mutum 9 suka kai ƙarshe. Ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 a matsakaici, wato ya kusa ninkawa uku, kaurin tsokar cinya kuma ya ƙaru da kimanin kashi 9. A 1994 suka sake gwajin da mutum 100, matsakaicin shekarunsu 87, a cikin mako 10 ƙarfin waɗanda suka yi atisayen ya fi ninki biyu. A ƙasar Niyu Zilan ma an tsara wani atisaye na gida da ake kira na Otago, na ƙarfafa ƙafa da daidaita tsayuwa, aka ga ya rage faɗuwar tsofaffi da kimanin kashi ɗaya cikin uku.

Ka lura, ƙarfi ya kusa ninkawa uku alhali tsokar kaɗan ta ƙaru. Dalili shi ne a makonnin farko jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka su ne ke farfaɗowa, su tashi sassan tsokar da suka daɗe suna barci. Shi ya sa mai farawa yakan ji canji tun cikin mako 3 ko 4, tun ido bai ga komai ba. In ɗan shekara 90 ya samu haka, Baba ɗan 65 ba shi da hujjar cewa ya makara.

Ba ana nufin mutum zai koma saurayi ba. Abin da ake nema shi ne ya tashi daga tabarma da kansa, ya shiga bayi ba a riƙe shi ba, ya taka zuwa jam'i, in Allah Ya kira shi Makka ya iya ɗawafi da sa'ayi, wanda shi kaɗai tsakanin Safa da Marwa sau 7 tafiyar kusan kilomita 3 ce.

Sallah da tafiya masallaci ba su isa ba?

Ana yawan yi mini wannan tambaya. Da farko, sallah ibada ce, don Allah ake yin ta, kada mu mayar da ita atisaye a niyyarmu. Amfanin da jiki ke samu a cikinta kyauta ce daga Ubangiji, kuma amfanin yana nan: tana sassauta gaɓoɓi, tana riƙe wa mutum iya sauka da tashi. Tafiya masallaci ma haka, ga lada ga lafiya. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Banu Salima sun so su taso su dawo kusa da masallaci, Annabi (SAW) ya ce su zauna a unguwarsu domin ana rubuta musu takunsu.

Sai dai tafiya zuciya da huhu ta fi yi wa aiki. Tsoka ba ta ƙara ƙarfi sai an ɗora mata abin da ya ɗan fi wanda ta saba, an kuma riƙa ƙarawa sannu a hankali. Shi ya sa shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ga masu shekara 65 zuwa sama ta haɗa abu uku: tafiya ko aiki mai ɗan sa haki na minti 150 zuwa 300 a mako, atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, da atisayen da ya haɗa da daidaita tsayuwa aƙalla kwana 3 a mako. Minti 150 ɗin nan, in ka raba, rabin awa ne a kwana 5. Wanda gidansa ke da tafiyar minti 5 zuwa masallaci, in yana zuwa salloli uku da ƙafa, zuwa da dawowa, da ɗan hanzari, ya cika wannan kason. Saura na ƙarfi.

Kafin a fara

Akwai waɗanda lallai ne su ga likita ko ma'aikacin lafiya tukuna: mai ciwon zuciya, wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, mai hawan jinin da bai sauka ba, mai ciwon sukari musamman mai yin allura ko wanda ciwon ya taɓa masa ido, mai ƙaba, da wanda aka yi wa aiki kwanan nan ko da na yanar ido ne. Galibi ba hana su za a yi ba, za a dai faɗa musu iyakarsu.

Sannan a gwada kai, don a san daga ina aka tashi. A samu kujera mai ƙwari, a jingina ta da bango. A zauna, a harɗe hannuwa a ƙirji, wani ya riƙe agogo, a ƙirga sau nawa za a miƙe tsaye sosai a koma zaune cikin daƙiƙa 30. Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi ya nuna cewa namiji mai shekara 60 zuwa 64 da ya kasa kai 14, ko mace da ta kasa kai 12, ƙafafunsu sun yi ƙasa da na tsaransu. Ga masu 70 zuwa 74 adadin shi ne 12 ga maza, 10 ga mata. Wanda ko sau ɗaya bai iya ba sai ya dafa, kada ya karaya, shi ne ma zai fi kowa ganin canji. A rubuta adadin a bangon littafi, a sake gwadawa bayan wata biyu.

Atisaye shida da ba sa bukatar ko sisi

A fara da ɗan zagaya tsakar gida na minti 5, ana juya kafaɗu da wuyan ƙafa, don jiki ya ɗumama.

Na ɗaya, tashi-zauna. Wannan shi ne uban tafiyar. A zauna a bakin kujera ko angarib mai tsayi, ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa, a ɗan sunkuyo gaba a miƙe, sannan a koma zaune a hankali ba tare da an faɗa ba. Saukar a hankali ita ce rabin aikin. In ya yi wuya a dafa cinya ko a ƙara matashi a kan kujerar. In ya yi sauƙi a koma wurin zama mafi gajarta, har wata rana a kai ga bambar, ko a rungume jarka mai ruwa.

Na biyu, tura bango. A tsaya nesa da bango da tsawon hannu, a dafa shi da tafuka, a lanƙwasa gwiwar hannu har fuska ta kusanci bangon, a tura a dawo. Wannan ƙarfin ne ke tare mutum in zai sauka sujada, shi ne kuma ke ɗaga shi.

Na uku, ɗaga dunduniya. A dafa bango, a tashi a kan yatsun ƙafa, a ɗan tsaya, a sauko a hankali.

Na huɗu, jan nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka duk gidan da ke da gora ko jarka yana da kayan aiki. A dafa gado da hannu ɗaya, baya a miƙe, a ja gora mai lita 1 ko 2 zuwa kwiɓi da ɗaya hannun, a sauke. Bayan haka a ɗauki jarka biyu masu nauyi ɗaya, ɗaya a kowane hannu, a taka daga wannan bango zuwa wancan. Duk bayan mako biyu a ƙara ruwa kaɗan.

Na biyar, hawa dakali. A samu matakala ko dakali gajere kusa da abin riƙewa, a hau da ƙafar dama a sauko, a canza zuwa hagu.

Na shida, tsayuwa da ƙafa ɗaya. A tsaya kusa da bango, a ɗage ƙafa ɗaya daƙiƙa 10, a canza. In an saba, a rage dafawa zuwa yatsa ɗaya, a kuma gwada tafiya a kan layi, dunduniya tana taɓa yatsun ɗaya ƙafar.

Kowanne daga biyar na farko a yi shi sau 8 zuwa 12. Mako biyun farko zagaye ɗaya ya isa, sannan a koma biyu, daga baya uku, ana hutawa minti ɗaya ko biyu a tsakani. Kwana 2 ko 3 a mako, a bar kwana guda tsakani, domin a ranar hutu ne tsoka take ginuwa. Na shida kuwa ana iya yin sa kullum. Alamar an dace da nauyi ita ce biyun ƙarshe su yi wuya amma a iya su. Ranar da 12 ta zama wasa, lokacin ƙari ya yi.

Wanda burinsa komawa sujada ne, kuma likita bai hana shi durƙuso ba, bayan kamar wata guda yana waɗannan sai ya fara gwada sauka a wajen sallah: ya shimfiɗa abu mai laushi, ya dafa kujera mai ƙwari, ya sa gwiwa ɗaya a ƙasa, sannan ɗayar, ya taso ta yadda ya sauka, wani yana tsaye kusa. Ba kowa ne zai kai ba, wasu gwiwoyin sun riga sun lalace, su kam rangwamen Allah ya wadatar da su. Amma da yawa rauni ne kawai ya zaunar da su.

Ka'idojin kiyaye kai

Kada a riƙe numfashi lokacin yunƙuri, don yana sa jini ya hau nan take. Dabara mai sauƙi ita ce a riƙa ƙirgawa a bayyane, mai magana ba ya riƙe numfashi.

Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan atisaye ba komai ba ne, yakan wuce. Amma ciwo mai suka a cikin gaɓa, ko kumburi, alama ce ta a rage. Masu ciwon gwiwa na tsufa su sani ƙarfafa cinya yana daga cikin abin da likitoci ke ba su shawara a kai, don cinya mai ƙarfi tana rage wa gwiwa kaya. A dai tsaya a iyakar da ba ta sa zafi. In kuwa aka ji nauyi ko ciwo a ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, ko zuciya tana bugawa ba daidai ba, a tsaya nan take a nemi asibiti.

Zafin ƙasar nan ba abin wasa ba ne, a Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar Asuba ko gab da Magariba, a inuwa, a sha ruwa kafin da bayan, domin tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri ko da jikinsa na bukata. A watan azumi a mayar da shi bayan buɗa-baki, a kuma rage. Mai ciwon sukari kada ya yi da yunwa, ya ajiye dabino kusa, ya sa takalmi, ya duba tafin ƙafarsa bayan ya gama. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar, in ya warke ya koma daga rabin inda ya tsaya. Kuma kada wani ya ce zai yi iyo a tur'a don motsa jiki, mun san ruwan nan da tsargiya.

Abinci

Ba a gini ba tubali. Tsoka tana bukatar sinadarin gina jiki, wato furotin, kuma tsoho ya fi matashi bukatar a kula masa da shi. Masana suna ba da shawarar giram 1 zuwa 1.2 ga kowane kilo na nauyin jiki a yini, wato mai kilo 60 yana neman giram 60 zuwa 72. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6, kofin madara 8, cikin tafi na gyaɗa 7, kofin adas dafaffe wajen 18, kifi mai girman tafin hannu wajen 20. Mun san halin da ake ciki, nama ya yi tsada, amma ful da adas da wake da dakwa da nono da kifin kogi duk suna yi. Matsalar ita ce sau da yawa abincin tsoho yakan koma shayi da kisra da asida da miyar kuɓewa zalla, saboda haƙori ko saboda ya bar wa jikoki abin da ke cikin miyar. A raba masa nasa daban, a dafa ya yi laushi, a kuma rarraba a cin safe da rana da dare. Mai ciwon ƙoda shi kam ya tambayi likita kafin ya ƙara.

Gare ku ɗalibai da 'ya'ya

Akwai wata magana mai ɗan nauyi da ya kamata mu faɗa wa juna. Tarbiyyarmu ta koya mana cewa ba a barin babba ya ɗauki kaya. Baba ya miƙa hannu ga buta, yaro ya riga shi. Inna ta tashi za ta ɗauko tsintsiya, a ce, “Haba Inna, zauna ki huta.” Niyyar kyakkyawa ce, kuma da ladanta in sha Allah. Amma in muka raba su da kowane motsi, da hannunmu muke gaggauta musu zaman da muke gudu. Biyayya ga iyaye ta haɗa da taimaka musu su daɗe a kan ƙafafunsu. Ka karɓi abin da ya fi ƙarfinsa, ka bar masa wanda yake iyawa. Maimakon ka kai shi masallaci a kan babur, ka fito da wuri ku taka tare. Ke kuma ɗaliba, ki zauna da kakarki a tsakar gida ki riƙa ƙirga mata tashi-zauna. Iyayenmu mata sun fi bukatar wannan, domin bayan ɗaukewar al'ada ƙashin mace yana saurin yin rauni, ɗaukar nauyi daidai gwargwado kuwa yana taimaka wa ƙashi. Duk atisayen nan ana yin su a cikin ɗaki, da sutura cikakkiya, ba wanda ya gani.

A yi musu maganar da ladabi. Ba a ce wa dattijo “ka yi rauni”. A ce, “Baba, ga abin da muka karanta a takardar masallaci, ko za mu gwada tare?” Dattawan da ke zama bayan Asuba suna jiran hantsi kuma, me zai hana uku ko huɗu su haɗu a bayan masallaci su yi na minti 15? Abin da mutum ke jin kunyar yi shi kaɗai, a cikin tsaransa yakan zama abin raha.

A ƙarshe, kada a ɗauka da zafi. Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ya matsa wa kansa da azumi da tsayuwar dare yana matashi, Annabi (SAW) ya tuna masa cewa jikinsa ma yana da haƙƙi a kansa, da ya tsufa kuwa sai ya riƙa cewa ina ma ya karɓi sauƙin da aka ba shi. Nana A'isha kuma ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Wannan ka'ida ta ibada ita ce ta motsa jiki, don ƙarfin da aka tara yana zubewa cikin makonni in aka daina. Sannu ba ta hana zuwa. A fara gobe da tashi-zauna 5, da niyyar samun ƙarfin bauta wa Allah da rage wa iyali wahala, sai ya zama abin lada.

Allah Ya jiyar da mu daɗin jinmu da ganinmu da ƙarfinmu muddin muna raye, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa mu cika da imani. Amin.